Yadda Ake Raba Zogale da Tsutsar Ganye, Mataki-Mataki

Masu lambu daga Garwa, Gidar, Marwa da Kuseri, a arewacin Kamaru, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Zogale ya yi kore shar, ana shirin yanka a kai kasuwa, cikin 'yan kwanaki sai ganyen ya koma fari, ya yi sirara har ana hango rana ta cikinsa, daga baya ya bushe ya kakkaɓe a bar tsirara. Wasu na cewa ciwo ne, wasu na ɗora wa iska. Mafi yawan lokuta tsutsa ce, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai yawon dare. Malaman gona suna kiransa Noorda blitealis. Ku riƙe sunan, zai yi muku amfani idan kun je ofishin gona. Ba a Kamaru da Cadi kaɗai yake ba, ya addabi masu zogale a Nijar, Sudan, Habasha har Indiya.

Kafin a ɗauki fartanya ko famfon feshi, a san lissafin kwanakinsa, domin duk matakan da ke ƙasa a kansa aka gina su. Macen tana zuba ƙwai a tare a tare a kan ganye mai taushi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 ko kusa da haka. Tsutsar tana cin ganye na kwana 7 zuwa 15. Daga nan sai ta sauka ƙasa, ta saƙa wa kanta 'yar jaka, ta kwanta kwana 6 zuwa 9, ta fito da fiffike ta koma zuba ƙwai. Wato tsakanin kamar kwana 16 zuwa sati 4 an zagayo. Duk wanda ya yi feshi sau ɗaya ya tafi, ya kashe na sama ne kawai, na ƙasa suna nan suna jiran ranarsu.

1. A tabbatar tsutsar ce

A shiga lambu da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A bi ta tsakiyar zogalen a karkace, ba ta bakin hanya kaɗai ba, a zaɓi itace 20. A kowanne a duba kan reshe inda sabon toho yake, a juya bayan ganye.

Alamomi huɗu ne. Na farko, ganye da aka kankare korensa aka bar farar fata. Na biyu, ƙananan ganyaye da aka haɗe su da zare irin na gizo-gizo, suka dunƙule wuri guda. Na uku, baƙin kashi ƙanana a cikin dunƙulen ko a kan ganyen da ke ƙasa. Na huɗu shi ne ya fi tabbatarwa: a girgiza reshe, za a ga tsutsa koriya mai haske tana lilo da zare tana neman ƙasa. Babbarta ba ta cika wuce santimita 2 ba, ƙananan kuwa sai an sa ido sosai, domin launinsu ya saje da na ganyen.

Hattara: ba kowane lalacewar ganye ba ne aikin tsutsa. Idan gefen ganye ne aka gutsuttsura babu zare, fara ce ko babe. Idan ganyen ƙasa ne ke yin rawaya suna zuba, kuma gindin itacen kullum a jiƙe, ruwa ne ya yi yawa, zogale ba ya son kwanciyar ruwa. Idan itacen ne gaba ɗaya ya yi yaushi, a tona gindi a duba gara ko ruɓar saiwa. A irin waɗannan babu abin da maganin tsutsa zai yi sai asarar kuɗi.

2. A auna girman ɓarnar

Wannan matakin shi ke nuna hanyar da za a bi. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne: idan cikin itace 20 an samu tsutsa a 1 ko 2, tsincewa da hannu da juya ƙasa sun isa, a ci gaba da sa ido. Idan ta kai itace 5, a haɗa da feshin darbejiya. Idan kuwa rabin lambun ya yi fari, kada a ɓata lokaci wajen ceton ganyen da ya riga ya tafi, a wuce mataki na 5 a sare.

A lura da girman tsutsar ma. Idan yawancinsu ƙanana ne, an zo a kan gaɓa, feshi zai ci su. Idan manya ne, ko kuma ana ganin ɓarna amma tsutsar ta yi ƙaranci, to sun riga sun sauka ƙasa, aikin fartanya ya fi na famfo gaggawa.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar bokiti biyu, fartanya ko kalme, adda ko wuƙa mai kaifi, turmi da taɓarya, faifai, tsumma mai laushi na tacewa, sabulun wanki na sanda, 'ya'yan darbejiya, da famfon feshi na goyo mai cin lita 15 ko 16.

A cikin waɗannan famfon ne kaɗai ke cin kuɗi sosai. Mai itace goma a tsakar gida ba ya buƙatarsa: ƙaramin famfon hannu na lita 1 ko 2 ya ishe shi, ko gorar ruwa da aka huhhuda murfinta da allura, ko ma tsintsiya a tsoma a yarfa, sai dai ta tsintsiya ba ta kai wa bayan ganye yadda ake so. Masu lambu da ke maƙwabtaka da juna gara su haɗa kuɗi su sayi famfo ɗaya na zogale da kayan miya zalla, ya fi musu haya.

'Ya'yan darbejiya kuwa kyauta ne ga wanda ya tara a kan lokaci. Wanda ya san titunan Marwa ya san yadda suke zube a ƙarƙashin inuwa ana tattake su. Wanda bai tara ba zai sayi man darbejiya wurin matan da ke matsarsa, wannan shi ne kashe kuɗi na biyu. Sauran duk ƙarfin jiki ne, kuma a nan ne ainihin tsadar take: safiya guda ta tsincewa, yini guda na sara da juya ƙasa, yamma uku na feshi. Mai ɗaukar 'yan ƙwadago ya yi lissafinsa a kan haka.

Hattara: kada a ari famfon da aka taɓa zuba wa maganin kashe ciyawa. Ko an ɗauraye shi, abin da ya maƙale a cikin tiyo ya isa ya murɗe sabon tohon zogale. Haka famfon maganin auduga. Kuma turmin da za a daka darbejiya kada ya zama na dakan abinci, ɗacin ba ya fita da wanki ɗaya ko biyu.

4. Tsincewa da hannu

A zuba ruwa rabin bokiti, a kaɗa sabulu har ya yi kumfa. A tara bokitin a ƙarƙashin reshe kafin a taɓa shi. Wannan tsari yana da muhimmanci: idan aka fara taɓa reshen, tsutsar za ta sulale da zarenta ta faɗa ƙasa, an taimaka mata ke nan ta isa inda take son zuwa. Bayan an tara, sai a tsinke duk dunƙulen ganye mai zare a jefa ciki, a girgiza reshen sauran su faɗa.

Ga itace mai tsawo, a shimfiɗa tsohon zane ko buhu a gindi, a girgiza, a tattara a juye a bokiti ko a zuba wa kaji.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tsinke ganyen a watsar a gefen lambu, ko a zuba a ramin taki. Tsutsar da ta kusa ƙoshi za ta ƙarasa girmanta a can ta shige ƙasa. Abin da aka tsinke ya kwana a ruwan sabulu, ko a ƙone shi, ko a binne a rami mai zurfin kamu ɗaya a danne.

Yara suna iya wannan aikin, idonsu ma ya fi na manya kaifi. Amma a nuna musu abin da ba a kashewa: gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro da rina. Zanzaro tsutsa yake ɗauka ya cusa a ɗakinsa na laka don 'ya'yansa, rina ma da tsutsa take ciyar da nata. Ƙadangare da hawainiya su ma a bar su.

5. Sara, idan ɓarnar ta yi nisa

Wannan ne matakin da mutane suka fi jin nauyinsa, kuma shi ne ya fi kowanne aiki. Zogale ba ya tsoron wuƙa. Idan aka sare shi, rassa biyu ko uku ko fiye ne ke fitowa a madadin ɗaya, kuma ganyen ya dawo inda hannu ke kai wa.

A fara da tsince duk ganyen da ya rage mai kyau, a ci ko a shanya. Sannan a sare itacen a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, wato santimita 50 zuwa mita 1. A yi yankan a karkace, da wuƙa mai kaifi, sara ɗaya, don kada ruwa ya zauna a kan kututturen ya ruɓar da shi. Adda mai dakushi tana farfasa itacen, zogale kuwa itace ne mai laushi. A kwashe rassan a fitar da su daga lambu a ranar. Awaki da tumaki za su cinye ganyen, matuƙar ba a fesa masa maganin kanti ba.

Dalilin saran shi ne yunwa. Waɗanda ke kwance a ƙasa za su fito cikin kwana 9, su tarar babu ganyen da za su zuba ƙwai a kai. Saboda haka a sare lambun duka a rana ɗaya. Wanda ya sare rabi ya bar rabi don kada kasuwarsa ta tsaya, ya bar wa tsutsar wurin zama, kuma da zarar sabon toho ya ɓullo a rabin da aka sare za ta tsallako kansa, tun da shi ta fi so. Na san zafin rasa ciniki na sati biyar ko shida, musamman ga matar da kuɗin cefanenta ke fitowa daga nan. Amma ganyen da aka bari ɗin ma ba zai sayu ba.

Haka zancen yake da maƙwabta. A fadamun bakin Binuwai, ko gefen kogin Logon, ko lambunan da ke shan ruwan madatsar Lagdo, iyakar da ke tsakanin lambu da lambu kunya ɗaya ce. Mai fiffike ba ruwansa da iyaka. Kafin a sare, a zagaya a yi magana da na dama da na hagu a sa rana ɗaya. Kada a manta da zogalen shinge da tsohon itacen da ke bayan gida wanda ba mai kula da shi, sau da yawa daga can take tasowa.

Hattara: kada a sare dashen da bai kai wata 3 ba, a tsince shi da hannu kawai. Kuma a cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura maki 40 a Garwa da Marwa, kada a sare sai an tabbatar akwai ruwan ban itacen bayan saran.

6. Juya ƙasar gindi

Ko an sare ko ba a sare ba, wannan matakin ba a tsallake shi. A share busasshen ganye da ciyawar da ke gindi. A sa fartanya a juya ƙasa zurfin yatsa zuwa tafin hannu, santimita 5 zuwa 10, tun daga gindin har iyakar inda inuwar rassan take kai wa. Tsutsar ba ta nisa, a saman ƙasa take kwanciya. Da an juya, rana da tururuwa da tsuntsaye za su yi sauran aikin. Mai kaji ko zabi ya sake su cikin lambun na yini biyu, sun fi fartanya iya tono.

A yi juyin da safe a bar ƙasar ta sha rana, kada a yi ban ruwa sai washegari da yamma. Bayan sati ɗaya a sake.

Hattara: zogale yana da babbar saiwa mai kauri a tsakiya. Idan fartanya ta sare ta, ruɓa za ta shiga. A bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, a gyara wurin da hannu. Masu shimfiɗa kara ko ciyawa a gindi don riƙe danshi su janye shi gefe na sati 2, domin a ƙarƙashinsa tsutsar ke samun mafaka.

7. Haɗa ruwan darbejiya

A nan ne aka fi samun matsala, har wasu suka yanke cewa darbejiya ba ta aiki. Tana aiki, amma ƙarfinta a cikin ƙwayar ɗan yake. Ganyenta ma yana da ɗan tasiri, sai dai bai kama ƙafar ƙwayar ba, kuma masu tafasa shi sai sun ƙara rage masa ƙarfi, domin zafi yana lalata sinadarin.

Tarawa: a tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya. A ƙarƙashin itacen da jemagu da tsuntsaye ke sauka za a samu waɗanda an riga an tsotse musu nama, sun fi sauƙin aiki. Sauran a murje su a ruwa a cire naman, a wanke. A shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙarau, su riƙa ƙara idan an girgiza. A adana a buhun algarara ko kwando, ba a leda ba. Leda tana sa su fumfuna, ɗan da ya yi fumfuna kuwa a zubar da shi. Wanda ya haura shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu.

Daka: a sussuka su a hankali a turmi don ɓawon ya fashe, a sheƙe da faifai, a ware ƙwayar. A fasa 'yan kaɗan a duba: mai kyau cikinta haske ne, wadda ta yi baƙi ta lalace. Sannan a daka ƙwayar ta yi laushi, amma kada a kai ta ga fitar da mai.

Awo: rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a ruwa lita 10. Famfo mai lita 15 zai ci giram 750. Wanda ba shi da lokacin sheƙewa ya daka har da ɓawon, amma ya ninka awon, kilo 1 a lita 10, domin kusan rabin nauyin ɓawo ne. A auna sau ɗaya a sikelin mai shago, a ga iya inda ya kawo a kwanon gida, a yi alama, daga nan an huta.

Jiƙo: a zuba garin a ruwa mai sanyi, a motsa, a rufe, a ajiye a inuwa ya kwana. Abin da aka jiƙa da yammar yau shi za a fesa da yammar gobe. Kafin feshi a tace da tsumma sau biyu, a matse sosai. Tacewa sau ɗaya ita ke toshe bakin famfo a tsakiyar aiki. Sai a kankare guntun sabulu kamar girman babban yatsa, a narkar da shi a ɗan ruwa, a zuba a kan kowace lita 10. Sabulun shi ke sa ruwan ya manne, domin ganyen zogale ruwa ba ya zama a kansa, gangarewa yake yi. Dusar da ta rage a tsumma a zuba ta a gindin itacen a rufe da ƙasa, taki ce.

Mai amfani da man darbejiya: cokalin shayi 1 a kowace lita, wato kamar babban cokali 5 a famfo guda. A fara kaɗa man da ruwan sabulu a ƙaramin kwano har ya zama fari kamar madara, sannan a juye a famfo. Idan aka zuba shi kai tsaye zai taso sama, itacen farko ya sha ruwa zalla, na ƙarshe ya sha mai ya ƙone. A riƙa girgiza famfon ana tafiya.

Hattara: kada a sa garin sabulun wanki mai ƙarfi, yana ƙona sabon toho. Kada a ajiye ruwan da aka haɗa zuwa jibi, a haɗa iya na rana. Man darbejiya da ruwan jiƙon a nisanta su da ƙananan yara, shan man yana iya yi wa jariri mummunar illa. Masu ba da shawarar a ƙara ruwan taba a ciki kada a bi su, gubar taba tana shiga ta fatar mai feshin, ganyen kuma ci za a yi.

8. Feshi

Lokacinsa bayan la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi. Hasken rana yana kashe ƙarfin darbejiya da sauri, feshin tsakar rana kuma yana ƙona ganye. Da yamma ne kuma ƙudan zuma suka rage zirga-zirga a kan furen zogale. Idan hadari ya haɗu a dakata. Idan ruwa ya sauka a daren da aka yi feshi, a sake.

A juya bakin famfon ya kalli sama, a fesa daga ƙasa, domin tsutsar da ƙwanta a bayan ganye suke. A fi ba da ƙarfi a kan reshe da sabon toho. A jiƙa ganyen har ya fara ɗiga, a wuce gaba. A ba iska baya, a rufe hanci da baki, a sa riga mai dogon hannu. Dunƙulen ganye mai zare ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa tsincewa take zuwa kafin feshi, ba bayansa ba.

Washegari za a shiga a tarar da tsutsa da ranta. A nan ne mutane da yawa ke karaya su ruga kanti. Darbejiya ba ta kashewa nan take. Tana hana tsutsar cin abinci, ta hana ta saɓa, ta kasa girma, ta mutu cikin 'yan kwanaki, kuma tana sa macen ta guji zuba ƙwai a ganyen. Abin da za a duba a kwana na 3 ba gawa ba ce, a duba ko sabuwar ɓarna ta tsaya, ko sabon kashi ya ragu.

A yi feshi sau 3, tsakanin kowanne kwana 7. Na farko na waɗanda ke kan ganye ne, na biyu da na uku na 'ya'yan waɗanda suka fito daga ƙasa. Wanda ya sare lambunsa ba shi da abin fesawa a ranar farko, sai ya fara ƙirga daga ranar da toho ya buɗe ganye, ya rage ƙarfin haɗin farko da ɗan ruwa saboda taushin ganyen.

9. Idan sai an je kanti

Wani lokaci darbejiyar ba ta samuwa, ko lambun ya yi girman da daka ba zai yiwu ba. Abin da ya fi dacewa da ganyen ci shi ne maganin da aka yi da ƙwayar bakteriyar nan Bacillus thuringiensis, a jikin fakiti ana taƙaita shi da Bt. Tsutsa kaɗai yake kashewa, kuma sai ta ci shi a kan ganye, ba ya taɓa zuma ko gizo-gizo. Ya fi cin ƙananan tsutsa, da yamma ake fesa shi, tsutsar ta daina ci da wuri ta mutu cikin kwana 2 ko 3. A bi awon da ke jikin fakitin. A duba ranar ƙarewarsa, kada a sayi wanda ya sha rana a kan tebur. Kafin a saya a nemi malamin gona na yankin, ko a tambaya a cibiyoyin IRAD, hukumar binciken noma ta Kamaru, na Marwa da Garwa, a tafi da ganyen da tsutsar a cikin kwalba.

Babban gargaɗin wannan jagorar a nan yake. Muna ƙasar auduga, ragowar maganin auduga yana nan a gidaje da kasuwannin ƙauye, kuma yana kashe tsutsa a gaban idon mutum. Ba a yi shi don abin da za a sa a baki ba. Zogale ganyensa ake ci, ana yankansa akai-akai, ana yi wa mai jego miya da shi, ana zuba garinsa a kunun yaron da ake yaye. Tafasa ba ta da tabbacin cire gubar, shanyawa ma haka. Bayan wannan, irin maganin yana share zanzaro da gizo-gizo tare da tsutsar, sai zagaye na gaba ya zo babu mai tare shi. Duk ruwan da aka ɗura a ƙaramar kwalba babu takarda a jiki, ko da wane suna mai sayarwa ya kira shi, kada ya shiga lambun zogale.

Idan malamin gona ya rubuta wani magani da aka amince da shi a kan kayan lambu, a duba abu biyu a jikin kwalbar. Akwai zanen launi a ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira kafin girbi, da Faransanci ana taƙaita shi da DAR. A ƙirga kwanakin cif, ko da mai saye yana tsaye a bakin lambu. Hanya mafi aminci ita ce a sare tukuna, a fesa wa kututture da farkon toho, yadda ganyen da za a yanka zai fito bayan wa'adin ya wuce. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gidan mai ko gishiri, kuma kada a wanke famfo a mayo, wato rafi, ko bakin rijiya.

10. Girbi da sa ido bayan nan

Bayan feshin darbejiya na ƙarshe a jira aƙalla kwana 3 kafin a yanka. Ni na fi son sati ɗaya, saboda ɗaci, masu sayen kwaɗo ba sa yafe shi. A wanke ganyen da ruwa mai tsabta sau biyu, a tsane, wanda za a shanya a shanya a inuwa don kada korensa ya tafi. A tsince duk wanda ke da zare ko kashi kafin a ɗaura dami.

Daga nan a mai da duba lambu al'ada, sau 2 a sati, a kan itace 20 ɗin nan. Lokutan da za a ƙara sa ido su ne bayan ruwan farko na damina, bayan kowane yanka, da cikin rani a lambun ban ruwa, lokacin da daji ya bushe zogale kaɗai ke da ɗanyen ganye. Yanka a kan lokaci shi kansa magani ne: lambun da ake yanke wa ganye duk bayan sati 5 ko 6 ba ya ba tsutsar sararin taruwa kamar wanda aka bari ya yi duhu.

Wasu suna rataya fitila mai aiki da hasken rana a kan kwanon ruwan sabulu da dare. Tana kama masu fiffiken, kuma tana da amfani wajen sanar da mai lambu cewa sun fara fitowa: fiffiken gaba duhu ne mai ruwan ƙasa, na baya fari mai baƙin gefe, buɗewarsu kamar santimita 2. Amma fitila ba ta isa ta kare lambu ita kaɗai ba, kuma tana hallaka ƙwari masu amfani. A kunna ta dare 2 ko 3 a sati, a gefen lambu ba a tsakiya ba. Ranar da aka ga sun yi yawa a kwanon, a ƙirga kwana 3 zuwa 4 a shiga duba bayan sabon ganye, a jiƙa darbejiya a daren.

Masu haɗa zogale da tumatir, kabeji ko albasa a kwami ɗaya su lura da wani abu. Duk abin da aka fesa wa tumatir iska za ta kai shi kan zogalen. A ware wa zogale gefensa, ta wajen da iska ke fitowa, ko kuma a yanke ganyensa tukuna kafin a yi wa sauran feshi, a jira wa'adin maganin ya cika kafin yanka na gaba.